Ku Bar Mana Sunan a Jikin Jirgin

A watan Yulin 2019 aka ɗauki hoton wani sabon jirgin kamfanin Ryanair a masana'antar Boeing: an goge kalmar MAX daga goshinsa, an rubuta 737-8200. Jirgin dai shi ne, fenti ne ya sauya. Wata uku kafin nan Donald Trump ya ba Boeing shawara a Twitter cewa su gyara jirgin, su raɗa masa sabon suna.

Mun san abin da ake gudu. Ranar 29 ga Oktoban 2018 jirgin Lion Air ya faɗa tekun Java da mutum 189. Ranar 10 ga Maris 2019 na Ethiopian Airlines ya faɗi minti shida da tashi daga Addis Ababa, mutum 157 suka rasu, har da marubucinmu Farfesa Pius Adesanmi. Duk biyun 737 MAX ne. Manhajar MCAS ta riƙa danna hancin jirgin ƙasa bisa bayanin na'ura ɗaya tak da ta sami matsala, kuma tun farko ba a sanar da matuƙa cewa akwai ta ba.

Masana na ce mana tsoron suna jahilci ne, wai hanyar zuwa filin jirgi ta fi sama haɗari. Ba mu musa ba. Amma mu fasinjoji ba ma buɗe inji, ba a nuna mana littafin gyara. Abin da ke hannunmu kaɗai shi ne suna, kuma suna linzami ne. Shekara da shekaru Boeing na cin amfanin nasa, ba wanda ya kira amincewarmu jahilci. Sai da ta koma tsoro aka tuna ba mu san lissafi ba!

To, shin tsoron banza ne? A 2021 kamfanin ya amince ma'aikatansa sun yaudari hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, ya yarda zai biya dala biliyan 2.5. A Janairun 2024 murfin ƙofar wani MAX na Alaska Airlines ya fice ana cikin sararin samaniya, saboda kusoshi huɗu da ba a mayar ba.

Ba mu ce a ƙaurace wa Boeing ba; da yawanmu da shi muka je Makka muka dawo lafiya. Buƙatarmu ƙarama ce: a rubuta samfurin jirgi ɓaro-ɓaro kafin mu biya kuɗin tikiti, da sunan da muka sani, ba wata lambar da sai injiniya zai gane ba. In an sauya jirgi a ranar tafiya, a faɗa mana tun muna layi.