Ɗan Garuwa Ma Ya Cancanci Shiga Littafin Yara

A yawancin makarantun naziri masu zaman kansu, idan aka zo makon darasin masu yi wa al'umma hidima, hotunan da ake mannawa a bango ba sa sauyawa: ɗan kwana-kwana, ɗan sanda, likita da mai raba wasiƙu. Wannan jeri daga manhajar Amurka da Ingila aka ɗauko shi, inda yaro ke ganin mai raba wasiƙu a ƙofar gida kusan kullum. Ɗan shekara 4 a Fagge bai taɓa ganinsa ba. Waɗanda ya sani su ne ɗan garuwa, mai adaidaita sahu, ungozoma da mai kwashe shara.

Batun ya wuce kishin al'ada. A 1988 Grover Whitehurst da abokan aikinsa sun nuna cewa karanta wa yara littafi ya fi bunƙasa harshensu idan babba na tsayawa yana tambaya, yaro na amsawa, babban kuma yana faɗaɗa amsar. To, yaro ba ya dogon bayani kan abin da bai sani ba. Tambaye shi aikin mai raba wasiƙu, ya maimaita abin da malama ta faɗa. Amma tambaye shi abin da ke faruwa a gidansu ranar da ɗan garuwa bai zo ba, sai kin gaji da saurare: wanki ya tsaya, girki ya makara, Inna ta yi faɗa.

Jigon abota ma a nan ya kamata ya shigo, ba a ware masa makon wa'azi ba. A ce kurar ruwa ta maƙale a kwata, yara biyu da suka ɓata da safe sai sun haɗa hannu kafin ta fita. Malama ta karanta labarin sau uku cikin mako: ranar farko don daɗinsa kawai, ta biyu ta riƙa tsayawa tana tambayar wa ya ji haushi da kuma dalili, ta uku yaran su kwaikwaya.

Wasu iyaye za su ce ba don 'ya'yansu su karanta labarin ɗan garuwa suke biyan kuɗin makaranta ba. Likita na nan, ba wanda ya ce a cire shi. Sai dai yaro na lura da wanda aka sa a littafi da wanda aka bari a waje, kuma gobe da safe shi za a aika ya buɗe wa ɗan garuwan ƙofa.