Darasin Shinkafar Kebbi Da Ikko

Da wuya a sami Gwamnan da ya hau mulki a ƙasar nan bai yi alkawarin sama wa matasa aikin yi ba. Yawanci abin da kan biyo baya shi ne a tara jama'a a filin wasa, a raba kekunan ɗinki da babura da injunan niƙa, a ɗauki hotuna, sa'an nan kowa ya watse. Bayan shekara guda kuwa ba mai komawa ya bincika nawa ne daga cikin kayan nan ke aiki, nawa ne aka kai kasuwa aka sayar. Saboda haka yana da kyau a waiwayi wani yunƙuri da jihohi biyu suka yi, watau Kebbi da Ikko, gama akwai abin koyi cikin nasararsa, akwai kuma abin lura cikin yadda ya yi sanyi.

A tsakiyar shekarar 2014 ana sayar da gangar ɗanyen man fetur fiye da dala 100, amma kafin ƙarshen watan Janairu na 2016 sai da ta faɗi ƙasa da dala 30. Kason da jihohi ke karɓa daga Tarayya ya ragu ƙwarai, har da yawa daga cikinsu suka kasa biyan albashi sai da aka ba su rancen ceto a 2015. A watan Yuni na wannan shekara Babban Bankin Nijeriya ya hana ba da kuɗin musaya domin shigo da kaya iri 41, ciki har da shinkafa. A 2016 tattalin arzikin ƙasa ya ja da baya, kuɗin buhun shinkafar waje kuma ya fi ƙarfin talaka.

Cikin wannan matsi ne Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je Jihar Kebbi ran 17 ga watan Nuwamba na 2015 ya buɗe shirin Babban Banki na ba ƙananan manoma rance. Tsarin shi ne a ba manomi iri da taki da maganin ƙwari bashi, bisa ruwan da bai wuce kashi 9 cikin 100 ba, a kuma haɗa shi da mai injin casa wanda zai sayi amfanin gonarsa in an yi girbi. A watan Maris na 2016 Gwamna Atiku Bagudu na Kebbi da Gwamna Akinwunmi Ambode na Ikko suka sa hannu kan yarjejeniya: Kebbi ta noma, Ikko ta saya. A watan Disamba na shekarar aka fito da shinkafar da aka laƙaba wa suna LAKE Rice, daga haruffan farko na sunayen jihohin biyu a rubutun Turanci, aka sayar da buhu mai kilo 50 a kan Naira 12,000, farashin da ya yi ƙasa sosai da na kasuwa.

Abin dubawa a nan shi ne ta inda aikin yi ya ɓullo. Ba wanda aka ɗauka aikin ofis. Manomin fadamar Argungu ko Augie ko Suru, wanda a da kan tafi cin rani da zarar ya kai amfanin damina gida, ya ga dalilin zama ya yi noman rani, domin ya san akwai mai saye. Da ya zauna sai ya nemi masu dashe da masu cire ciyawa da masu yanka da masu bugu. Mai haƙa rijiyar ban ruwa ya sami ciniki, haka makanikin da ke gyara injin jan ruwa. Matan da ke turara shanshera a gida suka ƙara tukwane. Daga nan sai 'yan dako, da masu ɗinkin buhu, da direbobin manyan motoci masu kai kaya Kudu, da masu sayar musu da abinci a tasha. Masu jari ma suka biyo baya: a watan Agusta na 2017 aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta kamfanin WACOT a Argungu, wadda aka gina don sarrafa tan 120,000 a shekara. Duk wannan jerin ma'aikata abu ɗaya ne ya ɗaure su, watau tabbacin cewa abin da aka noma ba zai rasa kasuwa ba. Kebbi na da fadamun Gulbin Kwara da na Gulbin Kebbi da manoman da suka gaji shinkafa kaka da kakanni. Ikko na da miliyoyin bakunan ciyarwa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

To, amma ina aka kwana? Gwamna Ambode ya sauka a watan Mayu na 2019, kuma sannu a hankali shinkafar LAKE ta yi wuyar gani a kasuwannin Ikko. Jihar ta buɗe babbar masana'antarta a Imota a watan Janairu na 2023, mai iya sarrafa tan 32 cikin awa guda, sai dai inji komai girmansa ba ya cin komai sai shanshera, ita kuwa a gona take fitowa. Ta wajen rance ma an sami tangarɗa. Manoma da yawa a faɗin ƙasa sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na dukiyar gwamnati, ba su biya ba. Wasu kuma niyyar biya gare su, ambaliya ce ta ci gonakinsu, kamar yadda ta faru a Kebbi a daminar 2020. Daga ƙarshen 2023 sababbin shugabannin Babban Banki suka bayyana cewa bankin zai janye hannu daga irin wannan rance na kai tsaye. Kafin nan, cire tallafin man fetur ran 29 ga watan Mayu na 2023 ya ninka kuɗin ban ruwa ga mai noman rani, sa'an nan a 2024 Gwamnatin Tarayya ta ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na ɗan lokaci, har da wani nau'in shinkafa. Ga kuma rashin tsaro da ya hana mutanen wasu sassan ƙasar Zuru zuwa gonakinsu.

Dattawa za su tuna cewa ba yau aka fara ba. An yi shirin ciyar da ƙasa na Janar Obasanjo a 1976, an yi na bunƙasa noma na Alhaji Shehu Shagari a 1980, kowanne ya tafi tare da gwamnatin da ta haife shi. Cutar ɗaya ce: shirin da aka jingina a kan mutum, ran da mutumin ya tashi sai ya faɗi.

Saboda haka Gwamnan da ke son aikin yi mai ɗorewa ya kamata ya fara neman mai saye tun kafin ya raba iri. In jihohi biyu za su ƙulla ciniki, to su kai maganar gaban Majalisun Dokokinsu ta zama doka, a rubuta yawan abin da za a saya kowace shekara da yadda za a yanke farashi, don kada sabon Gwamna ya soke ta da fatar baki. Rance kuma a bi da shi ta hannun ƙungiyoyin manoma waɗanda suka san gonar kowa da halinsa, a nisanta shi daga ofishin jam'iyya, a haɗa shi da inshorar gona domin a bambance wanda ruwa ya ci da wanda ya ƙi biya da gangan. Kuɗin da ake kashewa wajen bikin rabon kaya, in an sa su cikin injunan ban ruwa masu aiki da hasken rana, da hanyoyin fito da amfanin gona, da ɗaukar malaman gona, za su fi amfani nesa ba kusa ba.

Su kuma talakawa suna da haƙƙin tambaya. Duk gwamnatin da ta yi shelar cewa ta sama wa matasa dubu kaza aiki, a jira shekara ta zagayo, sa'an nan 'yan majalisa da 'yan jarida su nemi ta kawo sunayen waɗanda har yanzu ke cin abinci da wannan aiki. Manomin Suru bai bukaci a karanta masa rahoto ba. In damina ta wuce ya ga bai ɗaure kayansa ya nufi cin rani ba, ya san shirin ya yi aiki.