Sanin Ƙasa: Majami'ar Katolika ta Maraɗi da Kewayenta

Manomin da ya kawo hatsi ko gujiya kasuwar Maraɗi yakan ga wani babban ɗaki mai alamar gicciye. Wani ya wuce bai tambaya ba. Wani ya tambaya, a ba shi amsar da ba daidai ba. To, ga bayani.

Wannan ɗaki majami'ar Kiristoci ƴan Katolika ce. Sunanta da Faransanci Notre-Dame de Lourdes. An sa mata sunan ne don girmama Maryamu, uwar Annabi Isa. Lurdu kuma wani gari ne a kudancin Faransa, inda ƴan Katolika ke zuwa ziyara.

Ƴan Katolika sun kafa mishan ɗinsu na farko a Yamai a shekarar 1931. Shekaru da dama babban limaminsu, wato bishop, guda ɗaya ne tak a ƙasa duka, yana zaune Yamai. A shekarar 2001 aka raba aikin biyu. Maraɗi ta samu nata bishop, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso. Yankin da aka ba Maraɗi ya haɗa jihohi 5: Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. Shi ya sa majami'ar Maraɗi ta zama uwa ga sauran na waɗannan jihohi.

Masu ibada a cikinta ba su da yawa. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cikin mutum 100 na Nijar, 99 Musulmi ne. Da yawa daga ƴan Katolika asalinsu Benin ne ko Togo ko Burkina. Akwai malaman lakwal, da makanikai, da kafintoci, da ma'aikatan likita. Wasunsu nan aka haife su, Hausa suke ji kamar kowa. Ranar Lahadi suke babban taronsu. Limamansu ba su aure.

Kiristoci ba duka ɗaya ba ne. Kudu da Maraɗi akwai Danja, inda ake jinyar kutare. Can jihar Tawa akwai asibitin Galmi, wanda aka buɗe a 1950. Waɗannan biyu aikin mishan SIM ne, ba na Katolika ba. Darikarsu daban, shugabanninsu daban.

Duk inda aka duba kewayen majami'ar, ƙasar Musulmi ce mai tarihi. Cikin gari akwai fadar Sarkin Katsinan Maraɗi. Yamma akwai gulbi, wanda ya cinye tsohon gari a 1945, har jama'a suka hau tudu suka gina sabo. Kudu akwai Jiratawa ta masu noman rani, da tabkin Madarumfa mai kaburburan waliyyai 99. Arewa maso yamma kuma ga Tibiri ta Gobirawa. A Tibiri, matan zumuntar Katolika da aka kafa a 2006 sun buɗe lakwal, suna kuma kula da yara masu tamowa. Uwar da ta kai ɗanta can don ya rame, ba ta bar addininta a bakin ƙofa ba. Magani ta je nema.

Amma zaman nan ya taɓa girgiza. A watan Janairu na 2015 wata jarida ta Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW). Ran jama'a ya ɓaci, kuma da dalili. Sai dai fushin ya faɗa kan wanda bai ji ba, bai gani ba. Ranar 16 ga wata aka ƙone majami'ar Katolika ta Damagaram. Kashegari aka ƙone majami'u da dama a Yamai. Mutum 10 suka rasa rayukansu. Jaridar tana can Paris, ko hayaƙin bai kai mata ba. A watan Yuni na 2019 ma an ƙone wata majami'a cikin Maraɗi, wadda ba ta Katolika ba.

Wa ya yi hasara? Ƴan ƙasa. Yara sun rasa ajin karatu. Ƴan kasuwa sun rufe shaguna. Maƙwabci ya shiga tsoron maƙwabci.

Saboda haka, in jita-jita ta iso ƙauye, kada samari su yi gaggawa. A fara tambayar mai gari da liman. A bincika wa ya yi laifin, kuma ina yake. Wanda ya koyi karatu a makarantar yaƙi da jahilci, ya karanta wa sauran wannan shafi da dare a dandali. Mai gicciye a wuya da ke gyaran injin ban ruwa baƙo ne ko ɗan gari, kuma kowannensu yana da haƙƙi. Magabata sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

Allah ya ba da damina mai albarka.