Zauren Kwamfuta: Guba a Rijiyar Gari

A wannan wata za mu duba wata ɓaraka da masana ke kira gurɓata tushe.

A harshen JavaScript, wanda ake gina shafukan intanet da shi, kusan kowane ƙunshin bayani yana gadon halayensa ne daga tushe guda, tamkar rijiya ɗaya da duk gari ke sha. In mugu ya aiko saƙo ɗauke da kalmar __proto__, manhajar da ke warware saƙon kuma ba ta tace shi ba, to guba ta shiga rijiya ke nan. Ta haka baƙo kan iya samun ikon mai gida.

A 2018 Olivier Arteau ya faɗakar kan wannan a wani taro a Kanada. A 2022 aka bayyana irinta a qs, manhajar da Express ke karanta adireshi da ita: ɗan gajeren saƙo ya isa ya tsayar da na'ura cik. An toshe ta a fitowa ta 6.10.3.

Amma gyara ba ya isa ga wanda bai sabunta ba. Don haka mu tambayi masu kula da shafukan ƙungiyoyinmu: yaushe rabonku da sabuntawa? Rigakafi dai ya fi magani.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.