Girman Asusun Fansho da Talaucin Masu Asusun

Ra'ayin da ya samu gindin zama tsakanin jami'an gwamnati da masana harkar kuɗi a Nijeriya shi ne cewa tsarin fansho na karo-karo, wanda dokar 2004 ta kawo, dokar 2014 kuma ta sake masa fasali, ya fitar da tsofaffin ma'aikata daga ƙuncin da aka san su da shi, kuma hujjar da aka fi kafawa ita ce dukiyar asusun ta haura naira tiriliyan 20 a 2024. Wannan hujja ba ta da ƙwari, domin adadin yana nuna yawan abin da aka tara ne, ba abin da ke shiga aljihun malamin firamare ko masinjan ofis a ƙarshen wata ba.

A tsohon tsari gwamnati ce ke ɗaukar alkawarin biyan wani kaso na albashin ƙarshe har mutuwa, ko da yake ta sha saɓa alkawarin. A sabon tsari kuwa ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusunsa na kansa, kuma abin da ya taru a ciki shi ne rabonsa. Ma'anar haka ita ce bambancin albashi na shekara 35 yana bin mutum har gidansa bayan ritaya, sannan asarar da faɗuwar darajar naira ke jawowa ta koma wuyansa shi kaɗai. Wanda aka yi wa ajiya lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 18,000 ko 30,000 shi ne ke cefane a kasuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, inda hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari a 2024, ga kuɗin maganin hawan jini da na ciwon sukari, ga 'ya'yan da suka gama karatu amma har yanzu tukunyarsa suke ci.

Abin da ya fi tona asirin tsarin shi ne waɗanda suka fice daga cikinsa. An cire sojoji da jami'an leƙen asiri, 'yan sandan da suka yi ritaya sun yi ta zanga-zanga suna neman a cire su, wasu majalisun jihohi kuma sun yi wa tsofaffin gwamnoni dokokin fansho na musamman, har da gidaje da motoci, saboda hidimar shekara huɗu ko takwas. Zamfara dai ta soke tata dokar a 2019. Da tuwon na da daɗi, da masu rabo ba su tsame hannunsu ba.

Kuma duk wannan magana ce ta 'yan tsiraru, domin alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki ba su cikin aikin albashi mai rajista. Ƙaramin shirin fansho da aka ƙaddamar a 2019 domin dillalai da teloli da direbobi ya ginu ne a kan zaton cewa akwai rarar da za a ajiye, alhali magini ko ɗan dako mai shekara 60 yana fita aiki ne saboda abin da ya samu jiya bai kwana ba.