Idon Da Ba Ya Ratsa Ruwa

Kun san yadda ɗumin murhu kan taɓa fuska tun daga nesa? To, wani irin haske ne da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a Ingila cikin 1800. Yau har akwai kyamarar da ke ganinsa, takan nuna mutum cikin duhun dare saboda ɗumin jikinsa. Amma fa ruwa shanye hasken nan yake yi, kaurin gashi guda ya isa ya tare shi. Yaron da ya nutse a Kogin Haɗeja, kyamarar nan ba ta ganinsa. Ba mu manta ambaliyar 2022 ba. In kogi ya kawo, ku bar ƙanana a gida, manya su je wanki.