Ƙorafi Kan Motocin Da Aka Yi Wa Kiranye A Waje, Suke Yawo A Titunanmu Ba Gyara

Zuwa ga Shugaban Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya, FCCPC, Abuja.

Ranka ya daɗe,

Mu da muka rubuto wannan takarda mazauna Kano ne, wasunmu masu motocin hawa, wasu direbobin haya, wasu makanikai. Kukanmu a kan motocin da kamfanonin da suka ƙera su suka amsa da bakinsu cewa akwai lahani mai kisa a jikinsu, suka yi musu kiranye a Amurka da Turai da Japan domin a gyara su kyauta, amma da suka tsallako teku suka zo hannunmu sai maganar gyara ta bi ruwa.

Wanda ya fi tayar mana da hankali shi ne batun jakar iska, wadda ake kira eyabag a gareji, ƙirar kamfanin Takata na Japan. A cikin sitiyari da dashbod akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke hura jakar idan an yi karo. Takata ya zuba ammonium nitrate a ciki, dangin wanda ake yin takin zamani da shi, kuma a yawancinsu bai haɗa da abin da zai tsotse danshi ba. Idan shekaru suka ja, zafi da laima suka yi ta aiki a kansa, sai sinadarin ya lalace. Ranar da aka yi karo, ko da ɗan ƙarami ne, sai ya kama da wuta da ƙarfin da ya wuce kima, gwangwanin ya tarwatse, ɓaraguzan ƙarfe su nufi fuska da wuyan wanda aka sa jakar domin ta cece shi.

Honda ce ta fara kiranye a watan Nuwamban 2008, da motoci wajen 4,000 kacal. Kafin a ankara abin ya shafi kamfanonin mota 19 da jakunkuna kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai. Hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar, NHTSA, ta tabbatar da mutuwar mutum 28 da raunata ɗaruruwa. A 2017 Takata ya amsa laifin zamba a gaban kotu, domin ya ɓoye sakamakon gwaje-gwajensa, aka ɗora masa biyan dala biliyan 1, kuma a watan Yunin shekarar ya bayyana karayar arziki.

Yallaɓai, a duba jerin motocin da abin ya shafa, sannan a leƙa kowane filin sayar da motoci a Kano ko Kaduna. Akwai Honda Accord ta 2003 zuwa 2005, wadda kowa ya sani da EOD. Akwai Civic da CR-V, akwai Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Matrix, da Pontiac Vibe. Su ne motocin malamin makaranta da ƙaramin ma'aikaci da ɗan kasuwar Kwari, su ake kai yara makaranta da su. A watan Fabrairun 2023 Honda ta gargaɗi masu wasu motocinta na 2001 zuwa 2003 da ba a gyara ba da kada su ƙara tuƙa su ko nan da can, saboda yiwuwar tarwatsewar gwangwanin idan an yi karo ta kai kashi 50 cikin 100. A Janairun 2024 Toyota ta yi irin wannan gargaɗi kan Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da RAV4 ta 2004 da 2005. A can ana cewa a ajiye mota har a zo a gyara ta, a nan kuwa dillali na yi mata kirari da cewa ba ta shan mai.

Kuma yanayinmu ne ma ya fi dacewa da cutar. Da Amurka ta rasa isassun kayan gyara, sai ta fara da wuraren zafi da laima irin su Florida da Hawaii da Puerto Rico. Motar da ta shekara goma a Texas, ta yi makonni a kan teku, ta kwana a tashar jiragen ruwan Legas ko Kwatano, sannan ta zo ta sha ranar bazarar Kano da danshin damina, wane zafi ne ko wace laima ce ba ta gani ba?

Ɗaya daga cikinmu ya shigar da lambar shasin motarsa, mai haruffa da lambobi 17 ɗin nan da ke ƙasan gilashin gaba, a shafin intanet na NHTSA. Nan take aka nuna masa akwai kiranyen da ba a yi ba. Ya ɗauki motar ya kai wa wakilin kamfanin a nan gida. Yarinyar da ke teburin karɓar baƙi ba ta taɓa jin maganar ba, ta tura shi wurin shugaban gareji. Shi kuma ya duba takardu, ya ce: "Alhaji, wannan ai ta Amurka ce, ba mu muka sayar ba. In kana so mu yi maka odar kayan, sai ka biya." Ya nemi a rubuta masa wannan amsa a takarda, aka ce manaja ba ya nan. Wasiƙar da ya aika wa uwar kamfanin ta dawo da amsar cewa ya tuntuɓi wakilinsu mafi kusa.

Mun san hujjarsu. Dokar Amurka iyakarta Amurka, kuma wakilin nan bai ci ribar sayar da motar ba. To amma lahanin daga masana'anta ya fito, ba a hanyar Kwatano aka tsince shi ba. Kamfanonin nan suna sayar mana da kayan gyara na waɗannan tsofaffin motoci, suna kuma tinƙaho da cewa motarsu ce ta riƙe kasuwar Najeriya saboda ƙarko. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ba za mu wanke kanmu ba, mu na gareji. Mota ta zo daga gwanjon Amurka jakarta ta riga ta fashe, sai a tafi Ƙofar Ruwa a samo wata da aka ciro daga mushen mota a ɗaura, babu mai tambayar ko tana cikin waɗanda aka yi wa kiranye. Wani ma ba ya wahalar da kansa: ya ɗinke murfin sitiyari, ya fesa fenti, ya zare ƙwan da ke nuna alamar eyabag a dashbod, mai saye ya tayar da mota ya ga komai lafiya lau. Yawanci rashin sani ne, wani lokaci kuma son zuciya. Amma makaniki ba shi da inda zai samo sabon gwangwani mai lafiya idan kamfani bai kawo ba.

Akwai abin da ya faru a Orlando ta jihar Florida a 2014 da ya kamata hukuma ta yi nazari a kai. An tarar da wata mata a cikin Accord ɗinta ta 2001 bayan karo, da raunuka a wuya, har 'yan sanda suka fara bincike a kan cewa wuƙa aka daɓa mata. Daga baya aka gano ƙarfen jakar iska ne. Wasiƙar kiranyen motar ta iso gidanta mako guda bayan rasuwarta. Wannan a ƙasar da ake binciken gawa ke nan. A wurinmu idan haɗari ya auku, kafin la'asar an yi jana'iza, an ce kwana ne ya ƙare, an ja motar an kai gareji. Mun yarda da ƙaddara, amma yarda da ita ba ta ɗauke wa mai sakaci alhakinsa ba.

Dokar da ta kafa hukumarku, ta 2018, ta ɗora wa mai kaya nauyin sanar da jama'a da janye kayansa idan ya gano suna da haɗari. A kan haka muke roƙon ku kira wakilan kamfanonin da abin ya shafa, ku wajabta musu sauya gwangwanin kyauta ga duk motar da lambar shasinta ke cikin kiranye, ko ta wace hanya ta shigo ƙasar nan. Ba sabon abu muke nema ba. Ostareliya ta tilasta kiranyen a watan Fabrairun 2018, ta sa wa'adi zuwa ƙarshen 2020, kuma takwararku ta can, ACCC, ita ta tsaya a kan kamfanonin. Japan kuwa tun watan Mayun 2018 ta daina ba wa mafiya haɗari daga cikin motocin shaidar binciken lafiya sai an gyara su.

Gano motocin ma ba zai yi wuya ba. A 2022 hukumar kwastan ta fara amfani da lambar shasi wajen ƙiyasta kuɗin fito, hukumar kiyaye haɗurra ma tana da lambobin a rajistarta. Lambar da ta isa a karɓi haraji da ita ta isa a nemo mai mota a gaya masa abin da ke cikin sitiyarinsa. A haɗa waɗannan bayanai da jerin kamfanonin, a tura wa mutane saƙon waya, a yi sanarwa a rediyo da Hausa da sauran harsuna, a kai ta tashoshin mota da garejoji, domin direban da ke lodi a Unguwa Uku ba ya karanta shafin NHTSA. A kuma sa dillali ya nuna wa mai saye sakamakon binciken lambar kafin a yi ciniki.

Sai dai muna roƙo da babbar murya, kada wannan ya zama sabon dalilin tare mutane a hanya ana karɓar na goro. Mai mota ba shi ya ƙera gwangwanin ba. A fara kawo kayan gyara a ajiye a Kano da Kaduna da Abuja da Legas, a buɗe wuraren sauyawa, kafin a yi maganar hana kowa takarda.

Mun tattara lambobin shasin motocinmu da hotunan abin da shafin ya nuna a kan kowacce, kuma a shirye muke mu kawo su ofishinku duk ranar da kuka neme mu. Muna fatan samun amsa a rubuce.

Allah ya yi maka jagora.

Mu ne,
Wasu masu motoci, direbobi da makanikai mazauna Kano.